Garabasar Cacar Waya: Gyaran Da Ya Fi Awo Tsada

A al'adar cinikin Bahaushe, gyara ba ya zuwa sai ciniki ya faɗa. Ka auni gero a kasuwar Daura, ka biya kuɗinka, mai awo ya cika tafin hannunsa ya ƙara maka, ku yi sallama. Ba zai biyo ka gida ya ce ba ka da ikon dafa wannan gyaran sai ka dawo ka auni tiya talatin da biyar ba. Haka mahauci, haka mai ƙuli-ƙuli, haka mai goro. Kowa ya san gyara dabarar jawo mai saye ce, amma dabara ce da take a fili, kuma abin da aka ba ka ya zama naka tun daga lokacin da ya shiga kwanonka. Da wannan fahimta muka tashi, da ita kuma muka karɓi garabasar kamfanonin waya lokacin da suka zo da “sa katin ɗari a ba ka na ɗari biyu”. To yanzu ga wata garabasa ta shigo wayoyin 'ya'yanmu da irin waccan riga, ita ce kyautar da manhajojin caca suke yi wa sabon shiga: zuba dubu goma mu ƙara maka dubu goma, ko kuma ga juyi hamsin kyauta a injin sa'a. A kanta nake son mu yi lissafi yau, ni da mai karatu, domin na lura wa'azi ya yi yawa a kan caca, amma lissafi ya yi ƙaranci.

A Daura ba a kafa gidan caca a bainar jama'a. Jihar Katsina tana cikin jihohin da suka ƙaddamar da shari'ar Musulunci tun shekarar 2000, a zamanin mulkin marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa, kuma gwamnatin Dikko Umaru Raɗɗa ta kafa hukumar Hisba ta jiha. Injin nan mai hannu ɗaya da ake jefa masa kwabo a ja, wanda mutanen kudu suke kira kalo-kalo, a otal-otal na manyan birane aka san shi, kuma galibin mutanenmu labarinsa kawai suka ji. Sai ga shi injin da ba zai iya shigowa ta ƙofar gari ba ya shigo ta aljihu. Duk wanda yake da wayar zamani da asusun OPay ko Moniepoint ko PalmPay, to yana ɗauke da gidan caca a jikinsa, ko yana unguwar Kusugu, ko yana Sandamu, ko yana tsaron shago a bakin iyakar Kongwalam. Manyan manhajojin da suka yi suna da cacar ƙwallon ƙafa suna da wani sashe na wasannin sa'a zalla, inda babu Arsenal babu Barcelona, sai 'ya'yan itatuwa masu juyawa da ɗan jirgin sama mai tashi ya ɓace. Cacar ƙwallo takan jira a busa usur. Wannan kuwa ba ta jiran kowa, tana nan da tsakar dare, tana nan bayan sallar asuba.

Ba na jin akwai mai musun cewa garin ya canza a shekarun nan. Akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, akwai Jami'ar Sufuri ta Tarayya, akwai Kwalejin Yusuf Bala Usman, kuma duk sun tara matasa masu waya da kuɗin makaranta a asusunsu, nesa da idon iyaye. Ga 'yan acaɓa da masu Keke Napep da masu POS waɗanda kuɗi suke ratsa hannunsu kullum amma ba sa zama. Ga tsadar rayuwa tun bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023. Mutumin da dubu gomarsa ba ta kai shi ƙarshen mako, idan aka ce masa za a mayar masa da ita dubu ashirin nan take, ba wauta ce take sa shi ya tsaya ya saurara ba, matsi ne. Shi ya sa ba na son a fara maganar da zagi.

Abin da ya sa na zauna na karanci sharuɗɗan wannan garabasa shi ne wani ɗan ƙanwata, ɗalibi mai hankali da ladabi, wanda ya kawo mini wayarsa wata ranar Juma'a da yamma. Ya ce: “Kawu, don Allah duba mini wannan Turancin. Kuɗina na nan ina ganinsu, dubu goma sha bakwai, amma sun hana ni cirewa.” Na tambaye shi nawa ya zuba, ya ce dubu goma, kuɗin takardun karatu ne da mahaifiyarsa ta tura masa. Na ce, kai ka karanta abin da ka sa hannu a kai? Ya ce: “Wallahi Kawu ba a sa hannu, dannawa kawai ake yi.” Muka buɗe shafin sharuɗɗan, rubutu ƙanana kamar ƙwayar riɗi, muka yi ta gangarawa har muka iso inda maganar take. An rubuta cewa ba za a cire kyautar ba, ba kuma za a cire abin da aka ci da ita ba, sai an yi caca da ninkinta sau 35, a cikin kwana bakwai. Idan kuma ya nemi ya janye nasa kuɗin kafin nan, kyautar da duk ribarta sun tafi. Ba zan ambaci sunan kamfanin ba, domin sharaɗin ba nasa ba ne shi kaɗai, ɗabi'ar sana'ar ce a duniya baki ɗaya.

Bari mu ɗauki alƙalami. Kyauta ta naira 10,000, ninki 35, ke nan sai an yi cacar naira 350,000 kafin a saki kyautar. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan, kamar yadda aka sa wa hannu a watan Yulin 2024, naira 70,000 ne. Wato sai yaro ya juya albashin ƙaramin ma'aikaci na wata biyar cur a cikin mako guda. Zai ce ai ba sai ya zuba 350,000 daga aljihunsa ba, kuɗin da yake ci yake sake jefawa, kuma gaskiya ne. Amma a nan ne ramin yake. Kowane injin sa'a an gina shi ne ya riƙa mayar wa masu wasa wani kaso na abin da suka jefa, ya riƙe saura. A mafi yawan injinan intanet, kason da ake mayarwa yana kaiwa wajen 96 cikin 100, wasu ƙasa da haka. Wanda ya ji 96 sai ya ce ai da sauƙi, huɗu kacal suke ci. Sai dai huɗun nan ba a kan abin da ka zuba ake cirarta ba, a kan duk abin da ka jefa ne, kowane juyi, ko da kuɗin ɗaya ne kake ta jujjuyawa. Kashi 4 cikin 100 na 350,000 shi ne naira 14,000. Ma'ana, domin ka mallaki kyautar 10,000, injin yana sa ran ya ci maka 14,000 a hanya. Ka shiga da dubu gomarka, an ƙara maka goma, a matsakaicin lissafi ka fito da shida.

Wannan ma idan an yi maka sassauci ke nan. Wasu kamfanonin a kan jimillar kuɗinka da kyautar suke ɗora ninkin, wato 20,000 sau 35, ya zama 700,000. Kashi huɗu na wannan 28,000 ne, ya zarce duk abin da yake cikin asusun. A irin wannan tsari, mafi yawan masu wasa ba za su ma kai ƙarshen sharaɗin ba, aljihun zai ƙone tun ana tsakiyar tafiya. Kamar a ce maka ga buhun gero kyauta a Zango, amma sai ka kai shi Daura a ƙafa, kuma a kowace zango sai ka ɗebi mudu ka bayar, alhali mudun da ke cikin buhun bai kai yawan zangunan ba.

Ba na cewa babu mai ci. Akwai. A cikin mutum ɗari da suka karɓi garabasa za a samu 'yan kaɗan da sa'a ta faɗo musu suka fita da riba, kuma su ne za ka ji labarinsu a majalisa da wurin mai shayi, su ne suke ɗaukar hoton allon waya su baza a WhatsApp. Wanda aka cinye ba ya ɗaukar hoto. Kamfanin kuwa bai damu da wane ne ya ci a yau ba, domin shi ba da mutum ɗaya yake wasa ba, da dubban mutane yake yi, kuma idan aka tara dubbai, kashi huɗun nan ba ta taɓa kuskure. Ko wanda ya ci ɗin ma akwai wasu ƙofofi a gabansa. Sau da yawa akan ƙayyade iyakar abin da za a iya cirewa daga ribar kyauta, komai yawan abin da allo ya nuna. Akan hana jefa fiye da wani adadi a juyi ɗaya, wanda ya ƙetare ko da kuskure ne a soke masa komai. Akan ce wasannin da suka fi sauƙi ga mai wasa ba sa shiga lissafin ninki, ko kuma kaɗan daga cikinsu ake ƙirgawa. Sai a lokacin cirewa ne kuma ake tuna cewa ana buƙatar katin shaida da hoton fuska, abin da ba a tambaya ba lokacin zubawa.

To yaushe ne karɓar garabasar yake da riba? Tambayar da ɗan ƙanwata ya yi mini ke nan bayan mun gama, kuma ina ganin ta cancanci amsa ta gaskiya, ba tsawa ba. A ilimin lissafi zalla akwai amsa. Ka ɗauki yawan ninkin ka buga shi da kason da injin yake ci. Idan abin da ya fito bai kai ɗari ba, kyautar ta fi asarar da ake sa rai. Idan ya kai ɗari ko ya wuce, kai ne ka yi wa kamfani kyauta. Ga injin da yake cin kashi 4, iyakar ita ce ninki 25, domin 25 sau 4 ɗari ne cif. Ninki 10 zai bar maka wani abu: cacar 100,000, asarar 4,000, saura 6,000 daga kyautar. Ninki 35 ko 40 kuwa ya riga ya haye. Wannan ba sirri ba ne, masu kamfanonin sun fi kowa saninsa, ma'aikatansu na lissafi ne suka zaɓi adadin, kuma ba su zaɓe shi don su yi asara ba. Idan ma wani mai wayo ya gano garabasa mai sauƙin sharaɗi ya riƙa bin ta ita kaɗai, galibin sharuɗɗan sun ba kamfani ikon rufe asusunsa da sunan ya ci zarafin kyauta. Wato wasan da za ka iya ci da basira, an tanadi dokar korar ka daga cikinsa.

Amma ni a ganina lissafin kuɗi ba shi ne babban abin da kamfani yake saye da wannan kyauta ba. Lokaci yake saye. Idan yaro yana jefa naira 100 a kowane juyi, cika sharaɗin 350,000 yana buƙatar juyi 3,500. A ce kowane juyi daƙiƙa biyar ne, ya kusa awa biyar ke nan yana kallon allo yana dannawa. Awa biyar ɗin nan makaranta ce. A cikinta hannu yake sabawa, ido ya saba, zuciya ta koyi bugun da take yi idan alamomi biyu suka jeru ana jiran ta uku. Bayan an gama, ko ya ci ko an cinye shi, ya riga ya zama ɗan gida. Masu iya magana suka ce wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, to a nan askin ya fi ladan yawa nesa ba kusa ba.

Injin kansa ba sabon abu ba ne. Wani makaniki mai suna Charles Fey ne ya ƙera shahararren na farkonsa a birnin San Francisco na Amurka a ƙarshen ƙarni na 19, da faifai uku na ƙarfe masu juyawa. A wancan zamani mai wasa yana iya ƙirga alamomin da ke jikin faifan ya san matsayin sa'arsa. Abin ya sauya a 1984, lokacin da aka ba wani mai suna Inge Telnaes haƙƙin mallakar wata dabara da ta mayar da hukuncin ga kwamfuta: na'ura ce take zaɓen lamba a ɓoye, faifan da kake gani yana juyawa hoto ne kawai na sakamakon da aka riga aka yanke. Tun daga nan mai ƙira ya samu ikon sa alamar babban ci ta riƙa tsayawa dab da layi, sama kaɗan ko ƙasa kaɗan, fiye da yadda za ta yi da sa'a zalla. Wannan shi ne “saura ƙiris” da yaranmu suke faɗa. A 2009 wani masani mai suna Luke Clark da abokan aikinsa a Jami'ar Cambridge ta Ingila sun nuna cewa irin wannan kuskure na kusa yana motsa sassan ƙwaƙwalwar da cin gaske yake motsawa, yana kuma ƙara wa mutum sha'awar sake gwadawa. Babu wani ƙiris da ya saura. Juyin da ya wuce ba shi da alaƙa da mai zuwa, injin ba ya tuna cewa ya cinye ka, ba ya jin kunyarka, ba ya kuma “cika” har ya yi aman kuɗi kamar yadda wasu suke zato.

Akwai wata dabarar da ta fi wannan ba ni mamaki. Ka jefa 100, injin ya mayar maka da 40, sai ya ɓarke da kiɗa da walƙiya da ruwan zinariya a allo kamar ka ci. Alhali 60 ka rasa. Masu bincike a Jami'ar Waterloo ta Kanada, ƙarƙashin Mike Dixon, sun auna jikin masu wasa suka ga yana amsa irin wannan asara kamar yadda yake amsa riba. Tun kafin su, masanin halayyar nan B. F. Skinner ya nuna da tantabaru cewa tsuntsun da ake ba tsaba a lokacin da ba ya iya hasashe ya fi nacewa da saran maɓalli a kan wanda ake ba a ƙa'ida. Duk wanda ya taɓa kiwon tantabara a soro ya san wannan ba sai an kai shi jami'a ba. Wata malama kuma, Natasha Dow Schüll, ta shafe shekaru tana nazarin masu wasan inji a Las Vegas, ta fitar da littafinta a 2012, kuma abin da ta gano shi ne da yawansu sun daina wasa don su ci, suna yi ne don su ci gaba da zama a cikin wani yanayi na mantuwa inda babu bashi, babu gida, babu gobe. Saboda irin waɗannan hujjoji ne likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka suka sanya jarabar caca a rukuni ɗaya da ta ƙwaya da giya a 2013, Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta lissafa ta cikin cututtuka.

Wani abin lura shi ne ƙasashen da suka halatta caca suka kuma daɗe da ita, su ne yanzu suke ɗaure wa garabasa ƙafa. Birtaniya ta hana yin caca da katin bashi na banki a watan Afrilun 2020. A watan Oktoban 2021 ta hana injinan intanet juyawa da kansu ba tare da an danna ba, ta hana juyi ya gaza daƙiƙa biyu da rabi, ta kuma hana yi wa asara kiɗan nasara. A 2025 ta ƙayyade abin da za a jefa a juyi ɗaya, fam 5 ga manya, fam 2 ga masu shekara 18 zuwa 24, sannan hukumar kula da cacarta ta sanar da cewa sharaɗin ninki ba zai ƙara wuce sau 10 ba. Mai karatu ya dubi wannan adadi ya kwatanta da 35 ɗin da na gani a wayar ɗan ƙanwata. Abin da Bature ya ga ya yi wa ɗansa tsanani, shi ake tallata wa namu da sunan alheri.

A nan gida kuwa, doka ta yi wani juyi da ban ga an ba shi muhimmancin da ya kamata a Arewa ba. A ranar 22 ga Nuwamban 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da Jihar Legas ta shigar tun 2008, ta ce Majalisar Tarayya ba ta da hurumin yin doka a kan caca ga jihohi, kuma dokar caca ta ƙasa ta 2005 ba ta aiki sai a Babban Birnin Tarayya. Kafin wannan hukunci, mai shagon caca a jihar shari'a yakan ɗaga takardar lasisin Abuja ya ce ba a isa a taɓa shi ba. Haka aka yi ta jayayya a Kano a watan Oktoban 2024, lokacin da Hisba ta rufe shagunan caca kimanin 30. Yanzu wannan hujjar ta faɗi. Iko ya dawo Katsina, kuma tare da iko nauyi ya dawo. Sai dai rufe shago aiki ne mai sauƙi idan aka kwatanta da abin da yake gabanmu, domin shagon da ya fi ciniki ba shi da ƙofa da za a sa wa kwaɗo. Ɗan Hisba yana iya tsayawa a bakin titi, amma ba zai shiga ƙarƙashin bargon ɗalibi da ƙarfe biyun dare ba. Masarautarmu ma a bakin iyaka take, Mai'aduwa da Zango da Baure duk suna kallon Nijar, kuma mun san tun kafin intanet cewa abin da aka hana a nan yakan samu hanya ta can.

Inda nake ganin jiha tana da ƙarfi shi ne talla da hanyar kuɗi. Garabasa ba ta tafiya da ƙafarta, ɗauko ta ake yi. Tana zuwa ta saƙon tes, tana zuwa ta Facebook da TikTok, tana zuwa ta bakin wasu masu barkwanci da 'yan wasa da suke magana da Hausa tsantsa suna raba lambar shiga, kuma kowane yaro da ya yi rajista da lambar akwai la'adar da take faɗawa aljihunsu. A wasu tsare-tsaren ma la'adar kaso ce daga abin da aka cinye wa yaron, wato cin dillalin yana ƙaruwa ne gwargwadon asarar wanda ya kawo. Waɗannan dillalai a cikinmu suke, an san gidajensu. Majalisar dokokin jiha tana iya yin doka a kansu, tana iya neman hukumar kula da tallace-tallace ta ƙasa, ARCON, ta daina amincewa da tallan da ya ce “kyauta” bai faɗi ninki ba, tana kuma iya zama da takwarorinta na Kano da Jigawa domin su tunkari kamfanonin hada-hadar kuɗi da murya ɗaya. Jiha guda ba za ta girgiza su ba, amma kasuwar jihohin Arewa maso Yamma ba abin wasa ba ce.

Akwai kuma wata fatawa da yaran suka ƙirƙiro wa kansu, wadda na ji fiye da sau ɗaya. Sun san hukuncin caca, sun san aya ta 90 ta Suratul Ma'ida ta haɗa ta da giya a wuri guda, babu wanda ya yi allo da zai ce bai ji ba. Amma sai su ce garabasa ba caca ba ce, kyauta ce, kuɗin kamfani ne, idan an cinye ba nasu aka ci ba, idan sun ci kuma rabo ne. Hukunci na malamai ne, ba nawa ba. Abin da zan iya faɗa shi ne abin da na karanta da idona: ba a ba ka kyautar sai ka fara zuba naka, ba a sakin ta sai ka jefa naka da nata cikin injin sau da yawa, kuma a tsarin da na gani kuɗinka ake fara ci kafin a taɓa na kyautar. Duk malamin da za a kai wa tambayar, a kai masa ita tare da waɗannan sharuɗɗa, kada a kai masa kalmar “kyauta” tsirara. Ina kuma roƙon limamanmu na Juma'a, daga babban masallacin da ke ƙofar fadar Mai Martaba Sarkin Daura Alhaji Umar Faruk Umar har zuwa na ƙauyuka, su nemi wani ya bayyana musu yadda abin yake aiki kafin su hau mumbari. Matashin da ya ji liman yana maganar karta da wuri zai ɗauka ba da shi ake ba.

Makarantu ma suna da nasu rabon. Lissafin da muka yi a sama bai wuce na ɗan aji biyu na ƙaramar sakandare ba, kaso cikin ɗari ne da ninki. Na rasa dalilin da zai hana malamin lissafi a Daura ya rubuta shi a allo a maimakon misalin lemu da mangwaro da aka gaji da shi, ya bar ɗalibai su gano 14,000 ɗin da kansu. Abin da yaro ya lissafa da hannunsa ya fi zama a kansa a kan abin da aka yi masa ihu a kai. Manyan makarantun garin kuwa, lokacin da suke karɓar sababbin ɗalibai suna yi musu gargaɗi a kan ƙungiyoyin asiri da satar jarrabawa da shaye-shaye, ya kamata su ƙara wannan, kuma su tanadi wanda ɗalibi zai je wa a asirce idan ya faɗa. Domin abin da yake biyo bayan garabasa sananne ne: a cinye kuɗin makaranta, a ji kunyar faɗa wa gida, a ci bashin manhaja mai ruwa don a fanso na farko, masu bashin su fara aika saƙon tozarci ga duk lambar da ke cikin waya. A wannan gaɓa kunya ta fi asarar kuɗin haɗari, kuma iyayen da suka fara da duka sukan rufe ƙofar da yaron zai dawo ta cikinta.

Iyaye kuma su san alamomin, tunda wannan jaraba ba ta da wari kamar taba, ba ta ja ido kamar ƙwaya. Yaro ya fara kwana da waya a hannu ba hira yake yi ba, ya riƙa neman dubu biyu yau dubu uku gobe da dalilai masu canzawa, ya sayar da abu ya ce ya ɓata, fuskarsa ta riƙa sauyawa daga fara'a zuwa ƙunci cikin 'yan mintoci yana kallon allo. Mai POS na unguwa yakan riga uba sani, domin shi yake ganin wanda yake zuwa tura ƙananan kuɗi sau huɗu a yini zuwa asusu iri ɗaya. Da masu unguwanni za su zauna da masu wannan sana'a, ba don a kama kowa ba, sai don a san girman abin, da an samu hoton da babu wani ofishi a Katsina da yake da shi a yanzu.